Akori-kura Mai Zafin da Ya Ƙi Jin Magani: Tambayoyi da Amsoshi

Shekara da shekaru ina jan tsohuwar Hilux mai injin dizal, ina ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Babu ciwon mota da ya ci mini kuɗi kamar zafin inji, abin da 'yan gareji ke kira obahitin. A bazara guda na sayi famfon ruwa, na sayi tiyo biyu, aka sa mini gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da bulok, har sau biyu, allurar gejin zafi kuwa ba ta fasa hawa ba. Ashe layukan tsakiyar lagireto, wato abin da ke sanyaya ruwan inji a gaban mota, ne suka toshe, kuma da wani ya ɗora tafin hannunsa a kai tun ranar farko da an gane. Tun daga nan na daina yarda a kwance mini ƙusa ɗaya kafin a gaya mini dalili. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda direbobi da masu motoci suka fi yi mini.

Ina kan hanya sai na ga allura ta nufi ja. Me zan fara yi?

Sauka gefen titi. Kada ka ce bari in ƙarasa gari na gaba, kilomita biyar sun isa su lanƙwasa kan inji. Idan ba ka ga tururi ba, kuma ba ka ga ruwa yana zuba a ƙasa ba, kashe iyakwandishan, buɗe bonet, ka bar injin yana silo minti biyu zuwa uku don fanka da famfo su ci gaba da aiki. Idan motarka tana da hita mai aiki, kunna ta har ƙarshe, ita ma ƙaramin lagireto ce, tana janye zafi. Amma in tururi na tashi, ko fambel ya tsinke, ko ruwa na tsiyaya, kashe injin nan take.

Kada ka taɓa murfin lagireto. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya hana shi tafasa, kana buɗewa zai yi tsiri ya wanke maka fuska da ƙirji. Na ga yaron mota da fatar hannunsa ta saluɓe a kan haka. Jira aƙalla rabin awa, sai tiyon sama ya yi laushi kana iya matsa shi da hannu, sannan ka rufa tsumma mai kauri, ka murɗa murfin rabi, iska ta gama fita, ka cire. In za ka ƙara ruwa, tayar da injin, ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Bokitin ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya tsaga ƙarfe.

Ta yiwu geji ne ke yi mini ƙarya?

Ta yiwu ƙwarai, musamman a motar da ta haura shekara ashirin kuma an sha taɓa wayoyinta. Idan allura tana tsalle farat ɗaya, ko tana motsi duk sanda ka kunna fitila, zargi wayar asin ko ɗan firikwensin da ke ɗaure a jikin inji. Zafin gaske a hankali yake hawa, kuma ba ya zuwa shi kaɗai: tiyon sama ya yi tauri, ruwa ya cika robar ajiya, wadda rarar ruwan lagireto ke zuba a ciki, ka ji injin yana ɓararraka bayan ka kashe. Akwai ma'aunin zafi mai kama da 'yar bindiga da ake haskawa a jikin ƙarfe, irin wanda aka saba gani a ƙofar asibiti amma na masu gyara. Haska shi a gidan tamostat, wato mazaunin ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto in inji ya yi zafi. Tsakanin digiri 82 da 95 lafiya ne.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne gejin da ke nuna sanyi alhali ruwa ya ƙare. Firikwensin ruwa yake aunawa, in babu ruwa a kansa sai allura ta kwanta, inji kuwa yana can yana cin kansa.

Me ya kamata in lura da shi kafin in kai wa makanike?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a yi mini, domin rabin gyaran yana cikinta. Makanike yana ganin motar awa ɗaya, kai kuwa kana tare da ita kullum. Idan ka je ka ce masa kawai "Oga, tana zafi", ka ba shi izinin yin canki-canka da aljihunka.

Abu biyu nake so ka riƙe. Na farko, yaushe take zafin? A cikin gosulo da tsayuwa ne, ko sai ka miƙe titi kana gudu, ko sai da lodi a hawa, ko kuwa minti goma bayan ka tayar da ita ko da ba ta motsa ba? Kowane ɗaya yana nuna wurin da za a duba. Zafin tsayuwa matsalar iska ce, iska ba ta ratsa lagireto. Zafin gudu da lodi matsalar ruwa ce, ruwa ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireton ya gaza sauke zafin da injin ke haifarwa. Zafin da ke zuwa da wuri ba tare da wani aiki ba kuwa, ko tamostat ya maƙale a rufe, ko iska ta tare hanyar ruwa, ko gaskit ta buɗe.

Na biyu, tana shan ruwa ko ba ta sha? Da asuba, injin na sanyi, cika lagireto har wuya, ka yi wa robar ajiya alama da biro. Ka duba kowace safiya har kwana uku, ka riƙa auna abin da ka ƙara da gora ɗaya tak. Motar da ke zafi ruwanta yana nan daram daban take da wadda ke cinye lita guda a rana. Kuma ka lura da wanne ya riga wani: ruwa ne ya ragu sannan ta yi zafi, ko zafi ta yi sannan ta amayar da ruwan?

Ƙara da wannan, tuna abin da aka taɓa a motar kafin ciwon ya fara. Sau da yawa amsar tana nan. An gyara taimin, an canza fanka, an sa sabbin nozul masu fesa mai, an ɗaura manyan fitilu a gaban lagireto.

A babban titi lafiya lau, amma da na shiga gosulo sai allura ta hau. Mene ne?

Duba fanka. Idan mota tana gudu, iskar hanya ce ke sanyaya lagireto, fanka kusan hutawa take. Da ka tsaya, duk nauyin ya koma kanta.

Yawancin tsofaffin Hilux da L200 suna da kuloci a tsakiyar fanka, wani dunƙulen alminiyam mai haƙarƙari da man silikon a cikinsa. Idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, kulocin ya kama, fanka ta ja iska da ƙarfi har ka ji rurinta. Da shekaru man yana tsiyayewa. Ga gwajinsa: bari injin ya yi zafi sosai, kashe shi, cire makulli ka sa a aljihu, sannan ka wulwula fankar da hannu. Mai lafiya za ta yi maka gardama, da kyar ta yi zagaye ɗaya. In ta yi ta juyawa kamar farfelar yara, ta mutu. Maiƙo da ƙura da suka daskare a fuskar kulocin su ma shaida ne. Ana iya buɗe wasu a ƙara musu man silikon, ana iya sayen wani. Wasu makanikai sukan ɗaure shi da ƙusa ya zama kullum a kame. Zafin zai sauka, amma mota za ta ƙara shan mai, ta cika ka da ƙara, kuma fukafukan roba da suka tsufa suna iya karyewa a gudu su huda lagireto.

Sai gidan fanka, wato robar nan da ta kewaye ta. Masu gyara da yawa suna cire shi don yana tare musu hannu, ba sa mayarwa. In babu shi, fanka tana jan iska ne daga gefe, ba ta cikin lagireto ba. Na kuma taɓa ganin fankar da aka ɗaura a juye. Riƙe takarda a gaban lagireto injin yana silo, ya kamata iska ta manna ta a jiki.

Kada ka manta da fuskar lagireton kanta. Ƙurar hunturu, ƙaiƙayin masussuka, ciyawa da fari suna cushewa tsakanin layuka, musamman a ratar da ke tsakaninsa da kondensan iyakwandishan, inda ido ba ya kaiwa. Haska tocila ta baya, in haske bai fito ta gaba ba, iska ma ba ta fita. A wanke daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi sosai, domin injin wankin mota yana kwantar da siraran fukafukan.

Tawa kuma akasin haka ce. A gari babu komai, sai na ɗau lodi na hau titi.

To lagireto ne babban abin zargi. Layukansa siraran bututu ne, tsatsa da gishirin ruwa suna toshe su ɗaya bayan ɗaya. Ragowar da suka rage sun isa yawon cikin gari, amma ba su isa buhu ashirin a Hawan Kibo ba. Bayan ka yi tafiya, kashe injin, ka bi jikin lagireton da tafin hannu a hankali. Zafin ya kamata ya zama bai ɗaya daga gefe zuwa gefe, yana raguwa kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa. Duk inda ka ji sanyi a tsakiya alhali gefensa na ƙuna, ruwa ba ya bi ta nan.

Duba tiyon ƙasa kuma. Shi famfo ke zuƙa. Idan ya tsufa ya yi laushi, da an taka totur sai ya shafe kamar tsinken shan lemo, ruwa ya tsaya, da an saki ya koma daidai, shi ya sa ba a kama shi a gareji. Sa wani ya taka totur kai kana kallo. Sai fambel: danna tsakiyarsa da babban yatsa, kada ya nutse fiye da kamar santimita ɗaya, kuma in gefensa ya yi sheƙi kamar gilashi, sulɓewa yake yi.

Ruwa yana raguwa kullum amma ban ga inda yake zuba ba.

Ƙaramin yoyo a kan inji mai zafi ba ya kaiwa ƙasa, bushewa yake. Abin da yake bari shi ne tabo: fari-fari kamar kanwa, ko ja-ja na tsatsa. Bi bakin kowane tiyo, haɗin tankin lagireto na sama da na ƙasa, da ƙarƙashin famfon ruwa inda akwai ɗan rami da aka yi musamman don ya ɗiga idan silin ciki ya mutu. Akwai kuma wasu 'yan faya-fayan ƙarfe masu kama da kwabo a jikin bulok, suna ruɓewa daga ciki, wasu ma suna ɓoye a bayan manifol. Taɓa kafet ɗin gaba wajen ƙafar fasinja, in da damshi hita ce ke yoyo.

Makanike mai kayan aiki yana da famfon hannu da ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura masa matsi injin na sanyi. Yoyon da ke waje zai fito fili a minti biyar. In matsin yana sauka kuma waje a bushe, ruwan ciki yake shiga.

Wai da gaske murfin lagireto kaɗai yana sa mota zafi?

Da gaske. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, a wuri mai tudu kamar Jos ma bai kai haka ba, wajen 96. Murfin yana riƙe matsi, galibi za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1 a kansa, kuma wannan matsin ne ke ɗaga tafasar zuwa wajen digiri 120. Murfin da robarsa ta tsage ko sifirin ɗinsa ya saki yana barin ruwa ya tafasa da wuri ya tsere ta tiyon ajiya. Yana da wani ɗan bawul kuma a tsakiya da ke barin ruwan ya dawo idan injin ya huce. In da safe ka tarar robar ajiya cike, lagireto kuwa da saura, ko tiyon sama ya shafe, wannan bawul ɗin ne. Shi ne abu mafi araha a duk tsarin, da shi nake farawa. Sayi mai lamba irin ta asali, kada ka ɗora mai matsi fiye da kima a kan tsohon lagireto.

Makanikena ya ce a ƙasar zafi ba a buƙatar tamostat, a cire a jefar. Gaskiya ne?

Wannan magana ta zama ruwan dare, har wasu suna cirewa ranar da mota ta sauka daga Kwatano. Ban yarda da ita ba, kuma zan faɗi dalili.

Tamostat ƙofa ce. Tana rufe har ruwa ya kai zafin da aka rubuta a jikinta, yawanci 82 ko 88, sannan ta buɗe. Da zarar ta buɗe gaba ɗaya, ba ta hana komai. Don haka mai lafiya ba ta sa mota zafi, a Sakkwato ne ko a Agadas. Idan an cire ta zafi ya ragu, ɗayan biyu ne: ko dai ta lalace tun farko, sai a sa sabuwa, ko kuwa an ɓoye wani ciwo ne na ɗan lokaci, zai dawo a watan Afrilu.

Ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A injuna da dama tamostat tana da faifai na biyu a gindinta. Aikinsa shi ne ya toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma cikin inji ba tare da ya je lagireto ba. Ana buƙatar hanyar lokacin da injin ke sanyi, in ya yi zafi faifan ya rufe ta. Ka cire tamostat, hanyar ta zauna a buɗe har abada, wani kaso na ruwan zafi ya yi ta kewayawa a ciki. Sai ka ga motar da aka cire wa tamostat don ta huce ta fi da zafi a kan lodi. A safiyar hunturu kuma injin ba ya kai zafin aikinsa, ya sha mai, ya yi hayaƙi, silinda da zobban fistin su ci da wuri.

Gwajinta ba wuya. Rataya ta da zare a tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa ya kamata ta fara buɗewa, lokacin da ya tafasa ta buɗe sosai, in ta huce ta rufe ruf. Wajen ɗaurawa, ɓangaren sifirin yana kallon inji, in kuma tana da ɗan rami mai 'yar ƙusa mai motsi, a juya shi sama don iska ta samu mafita.

Ta yaya zan tabbatar gaskit ta ƙone kafin a buɗe injin?

Kada ka yarda a buɗe kan inji a kan zato. Akwai shaidu, a tara su.

Da safe injin na sanyi, cire murfi, cika ruwa har baki, tayar. 'Yan kumfa na farko ba komai ba ne. Amma idan kumfa suna ta fitowa a jere ba ƙaƙƙautawa, suna ƙaruwa in an taka totur, ko ruwan yana tsalle waje tun injin bai ɗumi ba, hayaƙin silinda ne ke shiga ruwa. Wata alamar: mayar da murfi, tayar da injin mai sanyi, in tiyon sama ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu, ba zafi ya kawo wannan matsin ba. Sai farin hayaƙi mai kauri daga salansa da ba ya ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, da injin da ke rawa da safe na ɗan lokaci sannan ya daidaita. A motar fetur, cire filogi duka ka jera su. Wanda ya fita fes kamar an wanke shi alhali 'yan uwansa da tabo, a silindarsa ruwa ke shiga.

Mutane sun fi sanin bakin mai da ya koma kamar shayi da madara. In ka gani, magana ta ƙare, kada ka ƙara tayar da motar. Sai dai rashin ganinsa ba ya wanke gaskit, domin tana iya buɗewa tsakanin silinda da hanyar ruwa ba tare da ta taɓa hanyar mai ba. Wannan shi ya fi yawa ma, kuma shi ke ruɗa mutane.

Akwai wani gwaji da shuɗin ruwa a cikin kwalba da ake ɗorawa a bakin lagireto. In hayaƙin inji na fitowa, launin ya koma rawaya, a dizal kuma kore-kore. Inda aka samu mai wannan kayan, kuɗin gwajin bai kai na gaskit ɗaya ba.

An sa mini sabuwar gaskit, wata biyu ta sake ƙonewa. Jabu ce?

Tana iya zama jabu, kasuwa cike take da su. Amma ni abin da ya same ni ba haka ba ne. Gaskit ba ta ƙonewa haka kawai, zafi ne ke kashe ta, kuma in ba a gano abin da ya kawo zafin farko ba, sabuwar ma hanyar za ta bi.

Sannan aikin kansa. Kan injin da ya sha zafi yana lanƙwasa, ido ba ya gani. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskarsa ana zura siraran ma'auni, ratar da ta kai kaurin takarda biyu ta isa a kai shi a fere. A duba tsaga kuma, musamman tsakanin bawul da bawul, a dizal har da kewayen ɗan ɗakin da nozul ke fesawa. A tsaftace ramukan ƙusoshi, kada mai ko ruwa ya kwanta a ciki. A ɗaure da sifana mai ma'auni, daga tsakiya zuwa waje, mataki-mataki, kamar yadda littafin injin ya tsara. Wanda ya ɗaure maka kan inji da dogon bututu yana cewa hannunsa ya saba, shirya dawowa. A injunan dizal na Toyota irin 3L da 5L, gaskit ɗin ma kauri-kauri ce, ana zaɓa ne gwargwadon yadda fistin ya ɗago sama da bulok.

Ruwan rijiya ba ya wadatarwa ne? Lallai sai na sayi mai launi?

Ruwa zalla yana ɗaukar zafi da kyau, ba nan matsalarsa take ba. Leƙa cikin butar da ake dafa ruwan shayi kullum ka ga farin ɓawon da ya manne. Shi ke taruwa a lagireto da cikin bulok idan ana zuba ruwan rijiya ko na burtsatse. Ga tsatsa kuma, mai cin bulok, da fukafukan famfo, da faya-fayan nan masu kama da kwabo. Ruwa mai launi na kirki yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma in an gauraya shi rabi da rabi yana ɗaga tafasa zuwa wajen digiri 107 tun kafin matsin murfi. A gauraya da tataccen ruwa marar asid, irin wanda ake ƙara wa batir, a canza duk shekara biyu. Launi kaɗai ba shaida ba ne, akwai jarkokin da rini ne kawai a ciki, sayi sunan da ka sani a hannun wanda ka sani.

Abu ɗaya: kada ka zuba shi a kan datti. A wanke tsarin tukuna, kuma a toshe duk yoyo, in ba haka ba kuɗinka ne zai tsiyaye a titi.

Ƙwai, garin barkono ko taba gari fa, don toshe yoyo?

In dare ya yi maka a daji, yi abin da zai kai ka gari. Amma abin da ya toshe ramin yoyo yana toshe layin lagireto ma. Washegari a zubar, a wanke, a like ramin da dalma.

In wanke lagireton ne ko in sayi wani?

Zura tiyo ta sama ruwa ya fito ta ƙasa ba wanki ba ne, ruwan yana bin layukan da ke buɗe ne ya bar toshassun. Tsohon lagireto na tagulla yana da daɗin gyara: mai lagireto ya narke dalma, ya cire tanki, ya zura siririn ƙarfe a kowane layi, ya mayar. Tsaya a kansa ka ƙirga layuka nawa ya samu a toshe, da nawa aka taɓa matsewa aka kashe a gyaran baya. In waɗanda aka kashe sun yi yawa, ko fukafukan suna marmashewa in ka shafa, a canza cikin gaba ɗaya. In za ka sayi na gwanjo a Ƙofar Ruwa ko Fanteka, gwada kaurinsa da naka. Lagireton motar fetur mai layi biyu yana iya zama daram a mazaunin na dizal mai layi uku, amma ba zai yi aikinsa ba.

Na canza duk waɗannan, har yanzu tana zafi. Saura me?

Saura abubuwan da ba a gani daga waje. Famfon ruwa yana iya zama ba ya yoyo, ba ya ƙara, amma tsatsa ta cinye fukafukansa sun zama kamar reza. Da murfi a cire, tamostat ta buɗe, ya kamata ka ga ruwa yana gudu a wuyan lagireto in an taka totur. Cikin bulok kuma laka tana kwanciya a kewayen silinda ta baya. Akwai ƙusar zubar da ruwa a gefen bulok, in ka kwance ta ruwa bai fito ba sai ka tsokana da waya, ka ga inda matsalar take.

Daga nan sai a bar ruwa a koma kan wutar da injin ke haifarwa. A motar fetur, taimin da ya yi baya yana dafa inji, haka kafireton da aka shaƙe wa mai don tsimi. A dizal, nozul masu ɗiga maimakon feshi, da famfon mai da aka buɗe don ƙarin ƙarfi, baƙin hayaƙi ne alamarsu. Salansar da ta toshe tana riƙe zafi, mota kuma ta rasa ƙarfi a hawa. Birkin da ke kamawa yana sa injin jan nauyin da ba ka ɗora masa ba, bayan tafiya kusanta hannunka ga kowane wili ka ji wanda ya fi zafi.

In kuwa zafin ya fara ne daidai bayan an zubar da ruwa an sake cikawa, iska ce ta maƙale. Ajiye motar hancinta yana sama, buɗe hita, bar murfi a cire, injin yana silo har tamostat ta buɗe, kana matsa tiyon sama kana ƙara ruwa har kumfa su ƙare.

Akwai ciwon da ya keɓanta da wasu motoci?

Akwai. Injin fetur na 22R da ke tsofaffin Hilux yana da sarƙar taimin, in robar da ke tare ta ta karye sai sarƙar ta yi ta goga murfin alminiyam har ta huda hanyar ruwa. Ruwa ya gauraya da bakin mai, a ɗora laifin a kan gaskit, a canza, ciwo yana nan. In kana jin ƙarar sarƙa da safe, a buɗe murfin sama a leƙa tukuna. Injin 4D56 na Mitsubishi L200 kansa na alminiyam ne, ba ya yafe zafi, tafasa ɗaya mai tsanani tana iya tsaga shi. Ita kuwa Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975, silindodinta hannun riga ne da ake zarewa, ruwa yana kewaye da su kai tsaye. Idan an ɗaga kan injin aka juya injin ba tare da an danne hannayen rigar ba, suna motsawa, silin gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin bakin mai. Fankar asali ta 504 kuma da maganaɗisun lantarki take kamawa, don haka a duba wayarta da ɗan gawayinta kafin a zargi lagireto.

Komai lafiya, amma a bazara da cikakken lodi allura tana ɗan ɗagawa. In damu?

A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maiduguri da Sakkwato ke haura digiri 40, iskar da ke sanyaya lagireton ita kanta da zafinta take zuwa. Allura ta ɗan wuce tsakiya a hawa ta dawo a gangare, wannan ba ciwo ba ne. Wadda ta hau ta ƙi saukowa ita ce abin dubawa. A hawa kada ka bar motar tana nishi a babbar giya, sauko giya ɗaya, injin ya juya da sauri, famfo da fanka su ma su yi sauri. Akori-kura irin waɗannan an yi su ne don kamar tan ɗaya, buhu goma ke nan na masu kilo 100, mu kuwa mun san abin da muke ɗora musu. In lodin ya zama dole, tashi bayan sallar asuba ka ci rabin hanya kafin hantsi, in ka isa kuma ka bar ta ta yi silo minti biyu kafin ka kashe. Ka riƙe jarkar ruwa mai tsabta, da fambel ɗaya, da murfin lagireto na ajiya a bayan kujera.